Margarita, paloma da sanrayis ba tare da tekila ba: amsoshin tambayoyinku

Tun ranar da na haɗa margarita marar giya, wani haɗin lemo da asalinsa da tekila ake yi, a walimar ƙanwata mutane suke ta aiko min da tambaya, wasu neman yadda ake yi suke, wasu kuma faɗa suka zo yi min, wai me ya haɗa ɗiyar Musulmi da tekila. Toh na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na tattara tambayoyin a nan in amsa gaba ɗaya. Ni dai ba na shan giya kuma ba na haɗa ta, amma na zauna na karanci yadda 'yan Meziko suke haɗa nasu don in san abin da nake kwaikwayo, saboda ba ka cire abu daga girki sai ka san aikin da yake yi a ciki.

Anti wai mene ne ma tekilar nan?

Giya ce, mai ƙarfi ma kuwa, kada wani ya ce miki lemo ne. Barasar da ke cikinta tana kaiwa kashi 35 zuwa 55 cikin 100. Sunan wani gari ne aka sa mata, garin Tekila a jihar Halisko ta ƙasar Meziko, kamar kilomita 60 daga birnin Gwadalahara. Da wani tsiro ake yinta mai suna agabe, nau'in shuɗin, ganyensa kamar na abarba amma ƙato mai tsini, yana fin tsayin yaro. Sai ya yi shekara biyar zuwa takwas a gona kafin ya isa girbi, sannan a sassare ganyen a bar kan, wanda suke kira pinya wato abarba a Sifaniyanci don kamar da suke yi. A gasa kan nan a tanda har ya yi zaƙi, a matse, a bar ruwan ya tsumu, sannan a tace shi ta hanyar tururi sau biyu.

Tun 1974 dokar Meziko ta kare sunan, kuma a yau ba a kiran abu tekila sai an yi shi a Halisko ko wasu keɓaɓɓun yankuna na jihohi huɗu, kuma a 2006 UNESCO ta sa gonakin agaben nan cikin kayan tarihi na duniya. Akwai fara wadda suke kira bulanko, akwai reposado da ke kwana a ganga daga wata biyu zuwa ƙasa da shekara, sai anyeho daga shekara ɗaya zuwa uku. Wannan dai don sani ne kawai, ba za mu taɓa ko ɗaya ba.

To in an cire tekilar me ya rage? Ba ruwan lemon tsami da suga ba ne kawai?

Yauwa, wannan ita ce tambayar da ta fi kowacce, kuma a nan yawancin mutane suke faɗuwa. In kika duba yawancin koktel, wato haɗe-haɗen abin sha, da ake yi da tekila za ki ga ƙashin bayansu ɗaya ne, tsami, zaƙi, gishiri da sanyi. Waɗannan huɗun duk halal ne kuma duk suna kicin ɗinki. Abin da giyar take kawowa shi ne ɗan zafi a maƙogwaro, da ɗan ɗaci, da wani ƙamshi irin na ɗanyen ganye da barkono. In kin cire ta ba ki sa komai a gurbinta ba, abin zai zama lami, kamar miyar da aka manta daddawa, sai ki ga mutum ya kama ƙara suga yana ƙara suga yana neman abin da ya ɓace, ƙarshe ya haɗa lemon 'yan firamare. Suga ba ya cike wannan gurbin. Citta ke cike shi, da ganyen shayi, da ɓawon lemo, da ɗan barkono.

Ga abin da nake yi, ni nake kiransa madadi. Ruwa rabin lita, ɗanyar citta kamar tsawon yatsa biyu a daddaka, masoro ƙwaya shida a fasa, ɓawon lemon zaƙi ɗaya wanda aka fere sama-sama ba tare da farin cikin ba, sai ɗan yanki na ɗanyen barkono kore. A tafasa minti goma a sauke, sannan a tsoma jakar koren shayi biyu minti huɗu a cire. Kada ki bar shayin ya wuce haka, zai yi bauri ya kama harshe kamar ɗanyen goro. A tace a bari ya huce a sa a firij. In kin ɗanɗana shi haka nan zalla ba daɗi, kada ki tsorata, ba a yi shi don a sha shi kaɗai ba. Kwana uku yake yi, bayan haka ƙamshin ya tafi.

Ba zan yi miki ƙarya in ce ɗanɗanonsa ɗaya da tekila ba, ni ban taɓa sha ba balle in kwatanta, kuma ba shi nake nema ba. Abin da nake nema shi ne in mutum ya kurɓa ya ɗan dakata, ba ya kwankwaɗe kofi a zuƙa ɗaya ba.

Yaya ake margaritar?

Ta asali abu uku ce, tekila, wata giyar lemon zaƙi da ake kira tiripul sek, da ruwan lemon tsami, a kofi mai gishiri a baki. Lura da kyau, abu biyu ne masu barasa a ciki ba ɗaya ba, don akwai wadda ta ce min ta je wani wuri ta ce a cire mata tekila kawai, ba ta san na biyun ma giya ba ne. Kalmar margarita kuwa sunan wani fure ne a Sifaniyanci.

Tawa ga ta, ta mutum ɗaya, da cokalin cin abinci nake awo wanda yake mililita 15. Madadi cokali huɗu, ruwan lemon tsami cokali biyu, ruwan lemon zaƙi cokali biyu, ruwan suga cokali ɗaya. A zuba a kwalba mai murfi, a cika rabinta da ƙanƙara, a rufe a jijjiga da ƙarfi kamar daƙiƙa 15, har kwalbar ta yi sanyin da hannu zai ji a jikinsa. A tace a kofi kan sabuwar ƙanƙara. Shi ke nan.

Ruwan suga kuwa, kofi ɗaya na suga kofi ɗaya na ruwa, a ɗora a wuta har ya narke, ba sai ya yi ta tafasa ba. In kika jefa ɓawon lemon zaƙi a ciki yana da zafi kika bar shi ya huce tare, kin sami ƙamshin da tiripul sek ɗin can yake bayarwa. Kada a zuba suga tsagwaronsa a ruwan sanyi, ba zai narke ba, zai kwanta a ƙasa ne ki sha tsami a sama ki tarar da yashi a gindin kofi.

Akwai wata margarita da wani mutum mai suna Julio Bermejo ya fito da ita a gidan abincinsu na Tommy's a San Faransisko, shi ya cire giyar lemon ya sa zumar agabe a gurbinta. Wannan ta fi sauƙin kwaikwayo, madadi, lemon tsami da zumar agabe kawai. In babu zumar agabe, don a manyan kantuna kaɗai ake ganinta kuma da tsada, a dama zumarmu ta gida da ruwan ɗumi daidai-wa-daida a yi amfani da ita. Ni ma ita na fi so wallahi.

Lemon tsamin kwalba fa, ba zai yi ba?

Ba zai yi ba. A matse ɗanye, a ranar.

Gishirin bakin kofi kullum zubewa yake ko ya narke, me nake yi ba daidai ba?

Da ruwa kike jiƙa bakin kofin ko? Na sani ai. A yanka lemon tsami a goga a bakin kofin ta waje kawai, sannan a karkata kofin a mirgina shi a faranti mai gishiri, ba a kifa shi a dangwala ba, don in kin kifa gishiri zai manne ta ciki ya zube a lemon ya koma ruwan gishiri. Rabin baki nake sa wa, saboda wanda ba ya so ya juya ɗaya ɓangaren. Kuma gishiri mai ɗan tsakuwa ya fi na leda mai laushi, shi mai laushin da ya ji danshi ya narke. Lokacin damina kam sai dai haƙuri, a sa shi dab da za a miƙa.

A Meziko suna da wani garin barkono mai gishiri da lemon tsami, Tajín sunansa, suna sa shi a bakin kofi da kan mangwaro da kankana. Za ki iya haɗa naki, gishiri cokali biyu, garin barkono rabin cokalin shayi, sai ki goga koren ɓawon lemon tsami ɗaya a ciki ki shanya ya sha iska. Wata ta tambaye ni ko yajin tsire zai yi. Haba Hajiya, akwai ƙuli-ƙuli da magi a ciki fa.

Mece ce paloma?

Ita wannan a can Meziko ba ta da wani tsari na ƙaƙale, tekila ce da lemon kwalba mai ɗanɗanon garehul, irin su Squirt ko Jarritos, da lemon tsami da gishiri. Paloma na nufin kurciya. Kuma a ganina ita ce ta fi kowacce yin kyau ba tare da giya ba, don garehul da kansa yana da ɗacin da ake nema, ko madadin ba ki sa ba za ta tsaya da ƙafarta.

Dogon kofi, a cika da ƙanƙara, ruwan garehul cokali shida, lemon tsami cokali ɗaya, ruwan suga cokali ɗaya, gishiri ɗan abin da yatsa biyu suka ɗauka, madadi cokali biyu in akwai, sai a cike da ruwan soda a juya sau ɗaya a hankali. Sodar ce ƙarshe kuma ba a jijjiga ta, na taɓa mantawa na rufe kwalba da soda a ciki na jijjiga, murfin ya tashi sama, ni da atamfata da silin duk muka sha paloma. In ba lokacin garehul ba ne, bita lemon na kwalba yana ɗan maye gurbi, sai dai a rage suga ko a cire gaba ɗaya don shi ma cike yake da ita.

A Halisko akwai ƙanwarta, kantarito, wadda ake zubawa a ɗan kofin yumɓu, ana haɗa lemon zaƙi da garehul da lemon tsami duka. Duk wanda ya san daɗin ruwan randa ya san dalilin kofin ƙasar, ba sai an yi masa bayani ba.

An ce garehul ba ya haɗuwa da wasu magunguna, gaskiya ne?

Gaskiya ne, kuma ba abin wasa ba ne. Garehul yana hana jiki sarrafa wasu magunguna yadda ya kamata, sai maganin ya taru a jini fiye da ƙima. Cikinsu akwai wasu na hawan jini irin su nifedifin, da wasu na rage kitsen jini irin su simbastatin. In za ki ba Baba ko Mama, ko ke kanki kina kan magani, a tambayi likita ko mai harhaɗa magani tukuna. Ni in ina taro da dattawa ma ba na fito da paloma, sanrayis nake yi musu.

Sanrayis ɗina haɗewa yake ya zama kala ɗaya, ta yaya ake samun ja a ƙasa rawaya a sama?

Tekila sanrayis, wato fitowar rana, irin wadda aka sani yanzu a garin Sosalito na jihar Kalifoniya ta fito a farkon shekarun 1970. Lemon zaƙi ne da wani jan ruwan suga mai suna girenadin wanda asalinsa da rumman ake yi. Sirrin kawai nauyi ne, girenadin ya fi ruwan lemo nauyi saboda suga, don haka nutsewa yake. Ƙanƙara farko, sai lemon zaƙi cokali takwas da madadi cokali biyu a juya, sannan a tsiyaya jan cokali ɗaya a hankali ta gefen kofi ko ta bayan cokali, a ƙyale shi. Kada a juya. Mai sha shi zai juya da kansa bayan ya gama ɗaukar hoto.

Ba sai kin sayi girenadin ba, yawancin na kanti ma kala ce da suga. Zobo na yi, ya ma fi. A dafa zobo mai kauri sosai, kamar ninki uku na wanda ake sha, a tace, a auna kofi ɗaya a sa suga kofi ɗaya a narkar. In bai nutse ba to sugan bai isa ba. Kuma kada wani ya ce an ɓata abin 'yan Meziko da zobo, su ma shan sa suke kullum, agwa de hamaika suke kiransa, ganye ɗaya ne da namu babu bambanci. Haka tsamiya, suna da agwa de tamarindo, kuma suna yin margaritar tsamiya da ta zobo. Ranar da na gano haka dariya na yi ta yi, ashe abin da ake sayarwa a gora a bakin makaranta shi wasu suke zubawa a kofi mai dogon wuya.

To ba mu ta tsamiyar mana

A jiƙa tsamiya a ruwan ɗumi kamar za a yi kunu, amma da kauri, a tace sau biyu. A margaritar can ta sama a rage lemon tsami zuwa cokali ɗaya, a sa ruwan tsamiya cokali biyu, a ƙara ruwan suga kaɗan don tsamin ya ninku. Da gishiri mai barkono a baki. Wannan da azumi, bayan an sha ruwa an ɗan ci wani abu, sai wanda ya gwada. Kada dai a buɗe baki da ita ciki ba komai, musamman mai olsa.

Ta mangwaro da ta kankana kuma bulanda suke so. A yanka a daskarar a firiza, sannan a niƙa da sauran kayan, ya fi a niƙa ƙanƙara zalla don ba ya tsinkewa da wuri kuma ba ya kashe wuƙar bulanda. Injin margarita mai ƙanƙara ma wani mai gidan abinci ne a Dalas, Mariano Martinez, ya fara shi a 1971 da injin askirim da ya gyara.

Ba ni da kayan haɗin nan na ƙarfe da nake gani a bidiyo

Ni ma ba ni da su. Kwalbar bama da aka wanke tas, rariyar shayi, cokali, da ƙaramar tabarya ko gindin muciya na dandaƙa na'ana'a da kokwamba. A dai wanke kwalbar har warin ya fita, a shanya ta a rana. Batanga ma, wadda ake yi da kok da lemon tsami da gishiri a wata tsohuwar mashaya ta garin Tekila, da wuƙar da aka yanka lemon ake juya ta. Ita kam ko madadi ba ta buƙata sosai, kok mai sanyi, lemon tsami ɗaya, gishiri a baki.

Abin da ya fi kayan aiki muhimmanci ƙanƙara ce. Wadda ake saya a buhu ba ki san da wane ruwa aka yi ba, ta sanyaya kwalabe ce ba ta zubawa a ciki ba. In wuta ta samu a daskarar da ruwa mai tsafta, manya-manya, don ƙananan nan minti biyar sun narke sun mayar da lemon ruwa.

Hannuna ya yi baƙi-baƙi kamar ƙuna bayan na matse lemon tsami da yawa, me ya jawo?

Kin shiga rana bayan nan ko? Ni ma ya same ni, lokacin wani biki na zauna a tsakar gida da hantsi na matse lemon tsami kusan kwano guda, washegari bayan hannuna ya yi ja yana zafi, bayan kwana biyu ya ɗuri ruwa, tabon ya fi wata biyu kafin ya baje. Akwai wani sinadari a lemon tsami, ya fi yawa a ɓawon, wanda in ya zauna a fata rana ta buge shi sai ya ƙona wurin. A Amurka har ƙunar margarita suke kiransa. A matse a inuwa, a wanke hannu da sabulu nan take, in ya ɗuri ruwa sosai a je asibiti.

Na ga kwalba an rubuta tekila marar giya, zan iya saya?

Karanta bayan kwalbar da kyau. A ƙasashe da yawa doka ta yarda a rubuta marar giya ko da akwai barasa har rabin kashi ɗaya cikin 100, kuma wasu ma giyar aka fara yi sannan aka zare barasar. Hadisi kuma sananne ne cewa abin da mai yawansa ke bugarwa kaɗansa ma haramun ne. Ni dai barinta na yi, ga tsada kuma. Wani abin da mutane ba su lura da shi ba shi ne Angostura, 'yar kwalbar nan da ake ɗiga wa a Chapman, barasar cikinta ta kai kashi 44.7 cikin 100, ta fi yawancin tekila ƙarfi. Ɗigo ne ake sawa, eh, amma ya kamata mutum ya san abin da ke kofinsa, in kin je gidan abinci ki ce a cire.

Malama, ba kwaikwayon mashaya ba ne wannan? Ga sunan ma na giya

Na ji wannan da yawa kuma ba na raina mai faɗa, don akwai malaman da suke ƙyamar a yi zama irin na mashaya ko da abin da ke kofin halal ne, wato a jera kofuna ana karawa ana kwaikwayon yadda suke yi. Ni ba malama ba ce ta fatawa, mai lemo ce, wanda abin ya tsaya masa a rai ya tambayi malaminsa. Abin da nake yi dai shi ne in zan kai taro ba na rubuta tekila a jikin komai, lemon garehul mai gishiri, zobo da lemon zaƙi, tsamiya mai yaji, haka nake sa musu suna. Kakarmu da aka miƙa mata ta tsamiyar ta kurɓa ta yatsina fuska ta ce wa ya zuba gishiri a ruwan tsamiya, sannan ta shanye ta miƙo kofi a ƙara.

In mutum ashirin zan yi wa fa?

A ninka awon da ashirin a haɗa komai a jog banda soda da ƙanƙara, a ƙara ruwa mai sanyi kamar kofi biyu tunda ba za a jijjiga da ƙanƙara ba, a sa a firij ko kula. Lemon tsamin a matse shi a ranar, awa uku ko huɗu kafin taro, in ya kwana ɗaci yake yi. Kuma ƙananan lemon tsaminmu na kasuwa ba su da ruwa kamar manyan da ake gani a bidiyo, wani sai kin matse biyu ko uku kafin ki cika cokali biyu, don haka ki sayi fiye da lissafinki, ki zaɓi masu santsin fata masu nauyi a hannu, ki mirgina su a kan tebur da tafin hannu kafin ki yanka.